In an ce baƙi na ɓata Wales, da ni ake?

Wani ɗan'uwa ma'aikacin jinya ne ya aiko da tambayar. Ya samu aiki a arewa maso yammacin Wales, zai tare can da maiɗakinsa da yara biyu. Ya ce tun kafin maganar aikin ta taso ya kamu da son ƙungiyar Wrexham, saboda shirin talabijin ɗin nan da aka yi a kanta. To da ya fara bibiyar muhawarar mutanen yankin sai jikinsa ya yi sanyi. Nan ana cewa baƙi sun cika ƙauyuka suna kashe harshen Welsh, can kuma tsofaffin magoya baya suna yi wa sababbi kallon 'yan a-bi-yarima-a-sha-kiɗa. Shi ne yake tambaya: da shi ake? Kuma da gaske ne baƙo na gurɓata al'adar wuri?

Malam, ƙorafi biyu ka ji, kuma ko da yake muryarsu ta yi kama, nauyinsu ba ɗaya ba ne. Na harshe yana da tushe mai ƙarfi, ya kamata ka ɗauke shi da muhimmanci. Na ƙwallo rabinsa gaskiya ne, rabinsa kishi. Abin da ya haɗa su shi ne wurin zama. A duk inda na ga rigimar nan ta yi zafi, in aka tona za a tarar wani ne ya rasa gida a garinsu, ko ya rasa kujera a filin wasan da kakansa ya fara kai shi.

Mu fara da harshen. A ƙidayar jama'a ta 1911, mutum kusan miliyan ɗaya ne ke jin Welsh, sama da kashi 43 cikin ɗari na mutanen ƙasar. A ta 2011 an samu 562,000, wato kashi 19. A ta 2021 kuma 538,300, kashi 17.8, kaso mafi ƙanƙanta da aka taɓa gani a ƙidaya. Gwamnatin Wales tana da burin kai masu jin harshen miliyan ɗaya nan da 2050, amma ƙidayar baya-bayan nan ta nuna mata baya aka ci. Sai dai jimillar ƙasa ba ta gaya maka inda ciwon yake. A Cardiff, babban birnin, masu jin Welsh ƙaruwa suka yi. Inda aka yi asara shi ne yankunan da harshen yake da gindin zama tun fil'azal. Carmarthenshire ta sauko daga kashi 43.9 zuwa 39.9 cikin shekara goma. Gwynedd, inda nake kyautata zaton za ka zauna, har yanzu tana sama da kashi 64, kuma a garin Caernarfon mutum takwas cikin goma ko fiye suna jin harshen. Can da Welsh ake ciniki a kanti, da shi yara ke faɗa a filin makaranta.

Ga inda maganar baƙi ke shigowa, kuma in ka fahimci wannan ka fahimci yawancin rigimar. Kusan duk baligin da ke jin Welsh yana jin Turanci ras. Baƙon da ya zo daga Ingila kuwa Turanci kaɗai yake ji. Ɗauki kwamitin iyayen yara na wata makarantar ƙauye, mutum goma, shekara da shekaru da Welsh suke zama. Sai wata uwa sabuwar zuwa ta shigo, mai kirki, mai son taimakawa, ta zo ma da biskit. Shugaban taron ya dube ta, ya dubi sauran, ya juya harshe zuwa Turanci don kada ta ji an ware ta. Babu wanda ya tilasta masa, ita ma ba ta nema ba. Wata mai zuwa haka za a yi, kuma mai rubuta bayanan taro zai fara rubutawa da Turanci. Bayan shekara biyu an manta cewa kwamitin ya taɓa zama da Welsh. Mutum ɗaya ya sauya harshen mutum goma, ba da mugunta ba, kara ce ta jawo. Shi ya sa masu nazarin harsuna ke sa ido a kan kashi 70 cikin ɗari: in masu jin harshe a unguwa suka gaza haka, da wuya mutum ya tari wanda bai sani ba da harshen gida, domin ba ya da tabbacin za a gane shi. Harshen sai ya koma cikin ɗaki.

Mu Hausawa wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu, illa dai mu muna tsaye ne a ɗaya ɓangaren. Je ka wasu ƙauyukan Bauchi, Filato ko kudancin Kaduna ka ga yadda taro ke komawa Hausa da zarar mutum ɗaya da ba ya jin yaren garin ya zauna, har a wayi gari jikoki ba sa iya gaida kaka da yarenta. Bahaushen da ya je kasuwanci bai tafi da nufin kashe yaren kowa ba. Amma in dattijon garin ya yi ƙorafi, ba ƙarya yake yi ba.

Duk da haka, in ka zauna da masu fafutukar harshen, za ka ji maganar gidaje ta fi yawa a bakinsu fiye da maganar wanda ya zo aiki. Gaɓar tekun Gwynedd, tsibirin Anglesey da Pembrokeshire wurare ne masu kyau, kuma tafiyar sa'o'i kaɗan ce daga Manchester, Liverpool ko Birmingham. Masu hali daga can sukan sayi gida na biyu, su zo hutun bazara, su kulle shi sauran watannin. Wasu kuma su mai da shi masaukin 'yan yawon buɗe ido ta Airbnb. Albashin yankin bai taka kara ya karya ba, saboda haka saurayin da aka haifa a ƙauyen ba zai iya gogayya da mai kuɗin birni ba, dole ya tattara ya koma Cardiff ko ya tsallaka Ingila. Shiga irin su Abersoch a watan Janairu da daddare, za ka ga layi guda babu fitila ko ɗaya a kunne. Makarantar firamaren garin, wadda da Welsh ake koyarwa a cikinta, an rufe ta a ƙarshen 2021 saboda ɗalibanta ba su kai goma ba. Gidan da babu kowa a ciki ba ya kawo yaro makaranta, ba ya kawo ɗan wasa ga ƙungiyar gari, ba ya koyon kowane irin harshe.

Kuma abin yana da tarihi mai ɗaci. A 1957 majalisar dokokin Birtaniya ta amince wa birnin Liverpool ya datse kwarin Tryweryn don samun ruwan sha, duk da cewa 35 daga cikin 'yan majalisa 36 na Wales sun ƙi. A 1965 ruwa ya shanye ƙauyen Capel Celyn, inda kowa Welsh yake yi. Har gobe za ka ga rubutu a jikin bango da bayan motoci yana cewa a tuna da Tryweryn. A 1962 aka kafa Cymdeithas yr Iaith, ƙungiyar kare harshen, bayan wata lacca da marubuci Saunders Lewis ya yi a rediyo yana gargaɗin cewa harshen zai mutu in ba a tashi tsaye ba. Daga ƙarshen 1979 zuwa farkon shekarun 1990 kuma, wata ƙungiyar ɓoye mai suna Meibion Glyndŵr ta cinna wa gidajen hutu sama da ɗari biyu wuta. Wannan zamanin ya wuce. Yau da haraji ake yaƙin: tun Afrilun 2023 ƙananan hukumomi na da ikon ƙara har kashi 300 cikin ɗari a kan harajin gida na biyu, Gwynedd ta ɗora 150. Ana ta gardama a kan ko matakin yana aiki, masu harkar yawon buɗe ido kuma suna kuka, amma ka lura da wanda aka auna. Ba ma'aikacin asibitin da ya kama haya ya sa 'ya'yansa a makarantar unguwa ba ne.

Ba zan ce maka kowa waliyyi ne ba. Akwai masu fakewa da kishin harshe su nuna ƙyamar baƙo zalla, kuma kai da kake baƙar fata kana iya haɗuwa da wanda matsalarsa ba harshe ba ce sam. Akwai kuma wata ɗabi'a da ta fi wannan yawa, wadda a ganina ta fi cutar da harshen: ka yi ta fama ka haɗa jimla da Welsh, mai kanti ya ji kana in'ina, sai ya amsa maka da Turanci don ya sauƙaƙa maka. Shi a ransa taimako ya yi, kai kuwa ka ji an rufe maka ƙofa. Sannan ba duka asarar ce za a ɗora wa baƙi ba. Akwai gidajen da uba ko uwa ke jin Welsh amma ba su yi wa 'ya'yansu, akwai matasan da suka gama makarantar Welsh suka ajiye harshen a bakin ƙofarta. Wanda ya jingina komai ga baƙo ya zaɓi bayani mai sauƙi ne.

In kana neman shaidar cewa ƙofar a buɗe take, dubi Joseff Gnagbo. Ɗan Kwaddibuwa ne, ya zo Cardiff neman mafaka, ya koyi Welsh yana babba, ya zama mai koyar da shi, a 2023 kuma aka zaɓe shi shugaban Cymdeithas yr Iaith, ƙungiyar da ta fi kowace zafi a kan harshen. Mutanen da ake zargi da ƙin baƙi su ne suka ɗora Ba'afirke a kan kujerarsu.

To, ƙwallo. Kafin ka yanke wa tsofaffin magoya bayan Wrexham hukunci, ka san abin da suka gani. An kafa ƙungiyar a 1864, tana cikin mafiya tsufa a duniya, kuma filinta na Racecourse ya karɓi wasan ƙasa da ƙasa tun 1877. Garin na ma'aikatan kwal da ƙarfe ne. A ranar 22 ga Satumba 1934 mahaƙar Gresford ta fashe, mutum 266 suka mutu, kuma ana ba da labarin cewa da yawansu sun karɓi aikin dare ne don su samu kallon wasan Wrexham da Tranmere da rana. Mahaƙun sun rufe ɗaya bayan ɗaya, masana'antar ƙarfe ta Brymbo ta bi su a 1990. Ƙungiyar ce ta rage. Ta ɗan ba su abin alfahari, kamar ranar da ta fitar da Arsenal daga kofin FA da ci 2 da 1 a Janairun 1992, Arsenal tana riƙe da kambin zakaran gasar lig ta Ingila, ita kuwa Wrexham ta gama kakar baya a can ƙarshen rukuni na huɗu. 'Yan Arsenal na gidajen kallonmu sai su yi haƙuri, tarihi ne. Bayan nan wahala ta biyo: bashi ya sa aka ƙwace mata maki goma a 2004, ta faɗo daga manyan rukunai huɗu na Ingila a 2008, a 2011 kuma saura ƙiris a hana ta buga kakar wasa gaba ɗaya. Magoya baya ne suka yi karo-karo, suka tara sama da fam dubu ɗari cikin yini guda, daga baya ƙungiyarsu ta karɓi ragamar kulob ɗin ta riƙe shi kusan shekara goma.

Waɗannan mutanen ne suka kaɗa ƙuri'a, sama da kashi 98 cikin ɗari, suka amince a miƙa kulob ɗin ga 'yan fim ɗin nan biyu, Ryan Reynolds da Rob McElhenney, aka kammala cinikin a Fabrairun 2021. Ba ƙwace aka yi ba, su suka bayar da hannunsu. Abin da ya biyo baya ka san shi: maki 111 da hawa a 2023 bayan shekara goma sha biyar a ƙasa, hawa a 2024, hawa kuma a 2025 zuwa Championship, rukuni na biyu na Ingila, sau uku a jere.

Ina ƙorafin yake? A tikiti. Filin da a da mutum dubu huɗu zuwa biyar ke shiga, kana iya zuwa ana saura minti goma ka biya a ƙofa, yanzu cika yake maƙil, kuma an rushe Kop, tsohon ɓangaren 'yan kallo na bayan raga, a 2023 don gina sabo. Mai tikitin kakar wasa bai da damuwa. Wanda ya sha wuya shi ne mai aikin da ba ya samun kowace Asabar, wanda yakan je wasa shida ko bakwai a shekara da ɗansa. Shi ne yake zaune a gida yana ganin ɗan yawon buɗe ido daga Amurka a kujerar, riƙe da waya sama, bai san waƙa ko ɗaya ba. Wannan ƙorafi halal ne, amma maganinsa yana hannun hukumar kulob: yawan kujeru, farashi, da tsarin fifita na kusa wajen rabon tikiti. Mai goyon baya daga Kano ko Texas da ke kallo a waya ya sayi riga bai tauye wa kowa komai ba. Kuɗinsa ma ke sayo 'yan wasa. Nan ne ƙwallo ta bambanta da harshe: sabon mai goyon baya ba ya hana tsoho rera waƙarsa, amma sabon maƙwabci yana iya sauya harshen da ake yi a taro ko da bai buɗe baki ba.

Sauran ƙorafin, irin na "ina kake lokacin da muke shan kashi a ruwan sama a gaban mutum ɗari uku", ba na raina shi, amma ban ɗauke shi hujja ba. Mutum ya sha wuya a kan abu, yana so a san ya sha. Ka ba shi wannan girman, ka tambaye shi labarin 2011, za ka ga ya saki jiki. Abin da ba zai jure ba shi ne wanda ya zo jiya ya fara koya masa tarihin kulob ɗinsa daga abin da ya gani a talabijin.

In kana son ganin ainihin gurɓata al'adar ƙungiya, Cardiff City za ka duba. A 2012 mai kulob ɗin, attajirin Malesiya Vincent Tan, ya sauya rigar gida daga shuɗiya zuwa ja, ya sauya tambari, alhali sama da shekara ɗari an san su da shuɗi. Ko hawa gasar Firimiya a 2013 bai kwantar da rigimar ba, sai da aka mai da shuɗin a Janairun 2015. Daga sama ɓarnar ta zo, daga mai iko da kuɗi, ba daga sababbin 'yan kallo ba. Masu Wrexham kuwa, ko me mutum zai ce game da kasuwancinsu, sun bar launi da tambari yadda suke, sun shigar da Welsh cikin shirinsu, McElhenney ya shiga koyon harshen, kuma ko da aka sayar wa kamfani sunan filin, sunan Welsh na Cae Ras aka maƙala masa. A yankin da masu jin Welsh ba su kai kashi 13 ba, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Mutum na iya cewa dabarar talla ce. Ko da ita ce, miliyoyin mutane sun ji harshen a karon farko ta dalilinta.

Tawagar ƙasar ta fi kowa warware wannan tambaya. A Yulin 2016 Wales ta doke Beljiyam 3 da 1 a Lille ta kai wasan kusa da na ƙarshe a gasar Turai. Waɗanda suka ci ƙwallayen, Ashley Williams, Hal Robson-Kanu da Sam Vokes, dukkansu a Ingila aka haife su. Babu wanda ya tsaya duba takardar haihuwarsu a daren. A lokaci guda hukumar ƙwallon ƙasar ta riƙa tura Welsh gaba: 'yan wasa irin su Ben Davies da Joe Allen suna amsa tambayoyin 'yan jarida da shi, ana yawaita kiran tawagar Cymru, sunan ƙasar da Welsh. A Yunin 2022, ranar da suka doke Ukraine 1 da 0 suka samu gurbin kofin duniya karon farko tun 1958, mawaƙi Dafydd Iwan ya rera Yma o Hyd, wato "har yanzu muna nan" da Welsh, waƙar da ya yi tun 1983, filin Cardiff gaba ɗaya yana amsawa. Akasarin masu amsawar ba sa jin Welsh. Sun haddace ne. Shekaru arba'in da suka wuce, da yawa daga mutanen kudancin ƙasar kallon harshen suke a matsayin kayan 'yan arewa da 'yan boko. Ƙwallo ta sa sun ji nasu ne. Ban ce waƙa a filin wasa za ta buɗe makarantar Abersoch ba, kuma ƙidayar 2021 ta nuna farin jini daban, amfani da harshe kullum daban. Amma wanda ya rera da bakinsa ya fi sauƙin kai ɗansa makarantar Welsh.

Game da kai da iyalinka, abin da zai fi tasiri shi ne yaran. A Gwynedd kusan duk makarantun firamare da Welsh suke koyarwa, kuma ƙaramar hukumar tana da cibiyoyi na musamman inda ake kai yaran da suka zo daga waje su yi kamar zango ɗaya ana yi musu wanka da harshen, sannan a mai da su ajinsu. Kada ka ji tsoron wannan. Yaron da ya tashi da Hausa da Turanci, ga Larabcin Islamiyya, harshe na huɗu ba zai gagare shi ba, Turancinsa kuma babu abin da zai same shi. Ku dai riƙe Hausa a gida, domin ita ce za ta fara zamewa, ba Turanci ba.

Kai kuma a wurin aiki za ka ga wasu ma'aikata da ɗan baji ruwan lemo a ƙirji, alamar cewa suna jin Welsh, kuma akwai irinsa na masu koyo. Akwai darussa na manya a ƙarƙashin cibiyar koyon Welsh ta ƙasa, ana kuma shirya wasu musamman don ma'aikatan lafiya. Ka shiga. A sashen tsofaffi za ka gane amfaninsa, domin mai ciwon mantuwa sau da yawa Turancin da ya koya daga baya ne ke fara guduwa, ya bar shi da harshen da uwarsa ta yi masa. Tsohuwar da ta ƙi cin abinci tana iya buɗe baki in ka ce mata bore da, wato ina kwana, ka tambaye ta ciwo da harshenta. In kuma ka shiga taro ka ga za a juya zuwa Turanci dominka, ka ce a ci gaba da Welsh, wani ya riƙa raɗa maka abin da ya shige maka duhu. Manyan tarurrukan hukuma ma da na'urar fassara ake yin su.

Wrexham tana da nisa daga inda za ka zauna, tafiyar sama da awa ɗaya ce a mota, tikitin kuma sai an yi da gaske. Ka ci gaba da sonta, ka je in ka samu. Amma ranar Asabar ɗin da ba ka da aiki, ka ja yaran ku je filin Oval ku kalli Caernarfon Town a gasar cikin gida ta Wales. Kuɗin shiga kaɗan ne, galibi a ƙofa ake biya, kuma da Welsh 'yan kallo ke yi wa alƙalin wasa ihu.